Ko Kimiyya Za Ta Iya Hana Mutum Mutuwa?

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙungiya na ƙarshen wata, Sabo, Ibadan

 

  

Da aka ce mu za mu yi magana a kan wannan batu, sai da muka yi ta zillewa. Mu 'yan kasuwar wake ne, iyakacin karatunmu Islamiyya, sai kuma ɗan abin da kunne ya tsinta a rediyo shekara da shekaru. Amma shugaba ya ce in likita ya yi bayani Turanci zai yi mana yawa, gara ɗan kasuwa ya yi wa 'yan kasuwa. Saboda haka muka zaunar da biyu daga cikin 'ya'yanmu masu karatun likita, muka yi dare uku muna tambaya suna amsawa. Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure kuwa ga su nan a zaune, su gyara.

Abu biyu ne suka jawo maganar. Na farko, ranar 3 ga Satumba 2025, a wajen wani faretin soja a Beijing, makirfo ya ɗauko hirar shugaban Sin, Xi Jinping, da na Rasha, Vladimir Putin, suna tafiya suna taɗi. Aka ji tafintan Putin yana cewa ana iya yi wa mutum dashen gaɓoɓi a kai a kai, har wataƙila ya kai ga rashin mutuwa. Shi kuma Xi ya ce ana hasashen a wannan ƙarni mutum zai iya kai shekara 150. Dukkansu biyu a lokacin suna da shekara 72. Maganar ta zaga wayoyin yaranmu, har muka ji an yi musu a kanta a majalisar mai shayi, ana neman ba hammata iska.

Abu na biyu ya fi kusa da mu, kuma shi ya fi damunmu. Wasu masu talla sun shigo unguwa da wani gari a 'yan ƙananan leda, suna kiransa "sitem sel", wai yana sabunta jiki, yana mai da tsoho yaro, yana maganin hawan jini da ciwon suga da ƙoda duk a haɗe. Wani abokin cinikinmu, wanda muka yi shekara fiye da 20 rumfarmu na kallon tasa, ya sayi kwali guda da kuɗin da ya fi na buhun wake, ya ajiye ƙwayar hawan jinin da likita ya ɗora shi a kai. Ba a yi wata uku ba ya faɗi a bakin rumfa. Yanzu yana kwance, ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi, ɗansa na fari ya bar makaranta ya koma rumfa. Ba za mu ambaci sunansa ba, da yawanku kun je dubiya.

To, jama'a, mu fara da abin da muka riga muka sani tun muna gaban malam. Babu wani mai rai da zai tsira daga mutuwa, wannan ba abin muhawara ba ne a wurin Musulmi. Kuma in kun tuna ƙissar Annabi Adamu a cikin Suratu Ɗaha, tallar farko da aka taɓa yi wa ɗan Adam ita ce tallar dawwama, kun kuma san wanda ya yi ta. Amma malamanmu sun karantar da mu hadisin da ya yi umarni da neman magani, a cikinsa aka togace abu guda da ba shi da magani, wato tsufa. Ashe ke nan neman lafiya da tsawon kwana ba laifi ba ne. Wasu matasanmu kuwa in ka ce musu "malam ya ce", sai su ce ai Turawa sun wuce nan. Shi ya sa muka ga ya dace yau mu shiga kasuwar Turawan da kanmu, mu buɗe buhu mu ga abin da ke ciki.

Mu ba kimiyya haƙƙinta tukuna. A shekarar 1900, in aka haɗa jama'ar duniya aka yi lissafi, matsakaicin tsawon ran mutum bai wuce shekara 32 ba. Yanzu ya kai kimanin 73. A Japan ya haura 80. Dattawan da ke nan sun san agana, sun ga masu zanzana a fuska, amma a 1980 aka shelanta cewa an kawar da ita daga doron ƙasa, yaranmu ko sunanta ba su sani ba. Allurar rigakafi, da ruwa mai tsabta, da magunguna irin su fenisilin, su suka yi wannan aiki da ikon Allah. Sai dai a lura da yadda lissafin yake. Yawancin ƙarin ya samu ne saboda yara sun daina mutuwa da yawa a goye. Tsoho kuwa bai ƙara wani abin kirki a can ƙarshe ba. Da can ma akwai masu kai 90, yanzu dai masu kaiwa ne suka yi yawa.

Wadda ta fi kowa daɗewa a cikin waɗanda aka tabbatar da takardunsu ita ce wata Bafaranshiya, Jeanne Calment, 'yar garin Arles. An haife ta a 1875, ta rasu a 1997 tana da shekara 122 da kwana 164. Tun daga nan babu wanda ya kamo ta, duk da asibitoci da kuɗin da aka zuba. Akwai wani ciniki a tarihinta da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya ji. A 1965, tana da shekara 90, wani lauya mai shekara 47 ya ƙulla yarjejeniya da ita: zai riƙa biyanta faran 2,500 kowane wata, ranar da ta mutu gidanta ya zama nasa. A lissafinsa, tsohuwa mai 90 ai saura ƙiris. Ya yi shekara 30 yana biya. A 1995 shi ya riga ta, yana da 77, bai kwana ko ɗaya a gidan ba, matarsa ta ci gaba da biya har tsohuwa ta cika. Abin da suka biya ya ninka kuɗin gidan fiye da sau biyu. Malam liman, mun bar muku hukuncin irin wannan ciniki, mu dai a kasuwa sunansa faɗuwa.

Ku kuma kun ji labarin Alagba, kunkurun fadar Soun na Ogbomoso da ya mutu a 2019. Fada ta ce shekarunsa 344, masana dabbobi ba su yarda da lissafin ba. Ko ma nawa ne, ya dai mutu.

To me ya sa jiki ke tsufa? Nan ne yaran suka fi ba mu wahala, amma ga yadda muka fahimta. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kuma suna sabunta kansu ta hanyar rabuwa, ɗaya ta zama biyu. A 1961 wani Ba'amurke, Leonard Hayflick, ya raini irin waɗannan ƙwayoyi a cikin kwalba, ya ga suna rabuwa kamar sau 50, daga nan sai su tsaya cik. Daga baya aka gano dalili. A cikin kowace ƙwaya akwai zaren gado, a bakin zaren kuma akwai wani ɗauri, kamar bakin tabarma da ake kitsewa don kada ta warware. Duk rabuwa ɗaya sai ɗaurin ya ɗan ragu, in ya ƙare ƙwayar ta daina. Mutum uku da suka warware wannan sirri sun sami kyautar Nobel a 2009. Shi Hayflick ɗin ya rasu a 2024 yana da 96.

Mai hankali zai ce to a riƙa ƙara ɗaurin mana. Mu ma haka muka ce. Sai yaran suka yi dariya, suka ce Baba, ai akwai ƙwayoyin da suka iya wannan, su ne na ciwon daji. A 1951 wata baƙar fatar Amurka, Henrietta Lacks, uwar 'ya'ya biyar, ta rasu a birnin Baltimore tana da shekara 31, da ciwon daji na bakin mahaifa. Likitoci sun yanki ɗan ƙarin ba da saninta ba, suka raine shi. Yau fiye da shekara 70 ke nan ƙwayoyin nan suna ta hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya, da su ma aka gwada rigakafin shan inna. Wato abin da bai mutu ba a jikin matar nan shi ne ainihin abin da ya kashe ta. Mun daɗe muna juya wannan magana. Birkin da ke tsayar da ƙwayoyinmu har mu tsufa, shi ne kuma yake tsare mu daga ciwon daji. In ka cire birki mota za ta yi gudu, amma duk wanda ya taɓa sauka gangaren Jebba da lodi ya san ƙarshen zancen.

Kuma ɗaurin nan ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke lalacewa. Jijiyoyin jini suna ƙanƙarewa, ƙashi yana rauni, garkuwar jiki tana sanyi, datti yana taruwa a ƙwaƙwalwa. Tun 1825 wani mai lissafin inshora a Ingila, Benjamin Gompertz, ya lura da tsarin abin. Yadda aka auna shi a yau, daga shekara 30 zuwa sama haɗarin mutuwar mutum yana ninkawa kusan duk bayan shekara 8. Ku lissafa da kanku: 38, 46, 54, 62, 70, ninki biyar ke nan, wato mai 70 ya fi mai 30 kusa da kabari wajen sau 30. Har yau babu maganin da aka nuna ya karya wannan lissafi a jikin mutum.

A jikin dabbobi dai an taɓuka. A 1993 wata masaniya, Cynthia Kenyon, ta sauya ƙwayar gado guda a jikin wata 'yar tsutsa, tsutsar ta ninka kwanakinta. Sai dai tsutsar da ma mako biyu zuwa uku take yi a duniya. A 2009 aka ba ɓeraye wani magani mai suna rafamaisin, suka ƙara kamar kashi 9 zuwa 14 cikin 100 na kwanakinsu, amma maganin yana raunana garkuwar jiki. Wanda ya fi ba da mamaki shi ne aikin wani Bajafane, Shinya Yamanaka, wanda a 2006 ya nuna ana iya ɗaukar ƙwayar fata a mai da ita ɗanya shakaf kamar ta ɗan tayi. Ya sami Nobel a 2012. Wannan shi ne "sitem sel" na gaskiya. Da aka gwada dabarar a jikin ɓera mai rai, aka ga in an zarce da ita ƙari ne ke fitowa. Saboda haka har yanzu ana lallaɓawa ne a ɗakin bincike.

Yanzu ku dubi ledar da ake sayar mana. Yawancinta in ka karanta jikinta za ka ga daga tuffa ko inabi aka tatso ta. Ƙwayar tuffa ba ta zama ƙodar mutum, kuma duk abin da ka haɗiya ciki zai narka shi kamar yadda yake narka tuwo. In sun nuna maka lambar NAFDAC, ka sa yaro ya karanta maka ƙananan rubutun da ke ƙasa. A jikin da yawa daga irin waɗannan kaya an rubuta ƙarara cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da suke yi ba.

Masu kuɗin duniya kuwa sun shiga harkar da gaske. Kamfanin Google ya kafa Calico a 2013 don binciken tsufa. A 2022 aka buɗe Altos Labs da jarin dala biliyan 3. Saudiyya ma ta kafa gidauniyar Hevolution a 2021, ko da yake su sun ce burinsu ƙara shekarun lafiya ne. Akwai wani attajirin Amurka, Bryan Johnson, da ya ce yana kashe kimanin dala miliyan 2 a shekara a kan jikinsa. A 2023 har ruwan jinin ɗansa mai shekara 17 aka ɗura masa, daga baya shi da bakinsa ya ce bai ga amfanin abin ba, ya daina. Ba shi ya fara ba. A 1928 wani likitan Rasha, Alexander Bogdanov, mai ganin musayar jini da matasa tana sabunta jiki, ya yi musaya da wani ɗalibi mai zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka. Ɗalibin ya rayu, likitan ya mutu. In muka koma baya sosai, sarkin farko da ya haɗe ƙasar Sin, Qin Shi Huang, ya tura jiragen ruwa neman maganin dawwama, ba su dawo ba. Ya mutu shekara 210 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, yana da 49, kuma masana tarihi da dama suna zargin zaibar da bokayensa ke haɗa masa a magani.

Batun dashen gaɓoɓi da Putin ya kawo, gaskiya ne ana yi, kuma yana ceton rayuka. Dashen zuciya na farko an yi shi a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a Disamba 1967, mara lafiyar ya yi kwana 18. Yanzu mutane suna yin shekaru da zuciyar wani. Amma gaɓoɓin ba sa isa, shi ya sa a Janairu 2022 aka dasa wa wani mutum zuciyar alade da aka sauya wa ƙwayoyin gado, a jihar Maryland. Ɗaya daga cikin jagororin aikin Musulmi ne haifaffen Pakistan, Dakta Muhammad Mohiuddin. Mutumin ya yi wata biyu. Wannan ma mas'ala ce ta malamai. Abin da muke so ku riƙe shi ne, wanda aka yi wa dashe sai ya dawwama a kan maganin da ke danne garkuwar jikinsa, kuma tsoho mai 90 ba ya jure yanka a kai a kai. Sa'an nan ko an canza inji da giya da taya, akwai abu guda da ba a canzawa, wato ƙwaƙwalwa. In aka sa maka ta wani, to wanin ne ya sami jiki, kai ka tafi.

Saura dabaru biyu, za mu taƙaita. Akwai masu daskarar da gawa. Na farko da aka yi wa haka shi ne James Bedford, a Janairu 1967. Ana zuƙe jini, a zuba wani sinadari, a tsoma gawar cikin tulun ƙarfe mai ruwan naitirojin, sanyinsa digiri 196 ƙasa da sifiri, wai a jira ranar da kimiyya za ta iya tashe ta. A jihar Arizona kamfanin Alcor yana karɓar dala 200,000 ko fiye a kan jiki duka, dala 80,000 in kai kaɗai za a ajiye. Ku ji fa, kai kaɗai! Daga 1967 zuwa yau ba a tashi ko mutum ɗaya ba. A 1979 ma aka gano gawarwaki 9 a Kalifoniya sun narke sun lalace, saboda kuɗin kula da su ya ƙare. Mu da muka san yadda amana ke ƙarewa tsakanin uba da jika, mun san ajiyar shekara 200 ba ƙaramar magana ba ce.

Ɗayar kuma ita ce wai a kwafe hankalin mutum a zuba a kwamfuta. Wani injiniya, Ray Kurzweil, ya daɗe yana cewa zuwa 2045 mutum da na'ura za su haɗe. To ga inda aikin ya kai. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. A 2024 masana na jami'ar Harvard da na Google suka zana taswirar wani ɗan yanki nata da bai kai ƙwayar shinkafa ba, bayanan suka cinye wurin da zai cika waya kusan 11,000 masu giga 128. Ƙwaƙwalwa ɗaya kuwa tana da irin wannan yanki fiye da miliyan guda. A shekarar dai aka kammala taswirar ƙwaƙwalwar ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro, aka yi ta murna. Mu ɗauka ma sun iya. In ka kai takardar filinka aka yi hotonta, ka sami takarda biyu ne, ta asalin tana nan inda take, in wuta ta kama ta za ta ƙone. Na'urar za ta iya yin muryarka, ta gai da iyalinka da irin gaisuwarka, kai kuwa an yi maka wanka an kai ka. Zancen ruhi kuma ko su ba su ce sun auna shi ba.

Ko da a ce an kawar da tsufa kwata-kwata, wa zai kawar da hanyar Ilori zuwa Mokwa? Nawa muka rasa a kanta, matasa masu jini a jika?

Ra'ayinmu dai, bayan dare ukun nan, shi ne binciken tsufa aiki ne mai kyau, kuma wataƙila jikokinmu su mori wani abu daga gare shi, kamar a jinkirta ciwon mantuwa ko ciwon gwiwa, mutum ya kai 90 yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Zancen rashin mutuwa kuwa, a ɗakunan binciken ma ba mu ga hujjarsa ba, a bakin masu neman jari da masu talla muka fi jin sa.

Daɗin daɗawa, lissafinmu a nan daban yake. A Nijeriya matsakaicin tsawon rai bai wuce shekara 55 ba, kuma kimanin yaro 1 cikin kowane 10 ba ya kai shekara 5. Tsakaninmu da Japan akwai ratar kusan shekara 30, kuma abin da ke cikin ratar nan sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, gudawa daga ruwa mara kyau, haihuwa a gida ba ungozomar asibiti, hawan jini da ba a auna ba. Duk maganinsu yana nan a garin nan, wasu ma kyauta. Mun sani akwai gidaje a Sabo da har yanzu ake ɓoye yara in masu rigakafi sun zo, a gidajen nan kuma wani lokaci ake samun ledar "sitem sel" a kan tebur.

Saboda haka kwamiti ya yanke abubuwa kamar haka. Ƙungiya ta sayi na'urar awon jini guda biyu da ta awon suga. Daga Juma'a mai zuwa, bayan an sauko, yaran nan biyu za su zauna a ofishin ƙungiya su auna duk wanda ya zo, ba a biyan ko kwabo. Iyayenmu mata ranar Asabar da hantsi, wata 'yarmu ma'aikaciyar jinya ce za ta duba su. Wanda ke shan ƙwayar hawan jini ko ta suga, don Allah kada ya ajiye ta sai da izinin likitansa. Wanda ya riga ya sayi garin nan ya zo da ledar a karanta masa, babu mai yi masa dariya, mu kanmu sai da muka taya kwali ɗaya kafin abin ya faru da maƙwabcinmu.

Sa'an nan sakatare ya buɗe littafi na bashi da ajiya. Da ɗan uwanmu ya faɗi, harshensa ya yi nauyi, aka rasa wanda ya san nawa yake bin mutane, nawa ake binsa, har yau iyalinsa suna fama da masu zuwa da baki ba takarda. Duk mai so ya zo da shaidu biyu a rubuta masa nasa, a rufe a ba shi kwafi.

Za a zaga da faranti yanzu don taimaka wa iyalinsa, da niyyar yaron ya koma makaranta zangon da ke tafe. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Malam liman, bismillah, a yi mana addu'a.